Ku da kuka yaɗa hoton nan a guruf, da ku nake

Tun daren Laraba nake haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi haɗiyuwa. Admin, in za ka cire ni ka cire, amma ka bari a karanta tukuna.

Duk kun ga abin da aka yi. Wani ya buɗe jakar ɗan ɗakinsu, ya ga robar maganin HIV, ya ɗauki hoto, ya haɗa da hoton hirar yaron da wani saurayi, ya watsa a guruf ɗin ɗaliban Arewa. Kafin asuba ya zaga ko'ina. Masu a'uzubillahi na yi, masu dariya na yi, har da mai cewa a kai maganar gaban manya a Agege. A cikin saƙo sama da ɗari ba wanda ya tambaya ko ya sha maganinsa na ranar. Bai sha ba. Robar tana hannun wanda ya ɗauki hoton.

Jiya na hau danfo na same shi a Iyana Ipaja, a ɗakin wani ɗan garinsu. Kwana uku ba magani, kuma yana tsoron komawa asibiti kada wani ya gan shi a layi.

Na san abin da za ku ce, don haka bari in riga ku. Ban zo yin fatawa ba, ni ɗalibin kiwon lafiyar al'umma ne. Hukuncin addini kowa ya san shi, shi ma ya sani, irin islamiyyar da muka yi ya yi. Amma a islamiyyar aka koya mana cewa binciken sirrin mutum haramun ne, kuma rufin asiri ba alfarma ba ce. Wannan darasin ne kawai kuka yi fashinsa?

Kun ce wai kuna kare sauran ɗalibai. Daga me? HIV ba ta bin kwano ko buta ko katifa. Mai shan magani kullum, ƙwayar cutar tana raguwa a jininsa har na'ura ta daina ganinta, kuma a wannan halin ba ya sa wa kowa ta hanyar saduwa. An gwada wannan a Turai a kan ma'aurata maza, aka wallafa a 2019: saduwa sama da sau 76,000 ba kwaroron roba, ba wanda ya ɗauka daga abokinsa mai shan magani. In kuwa ya daina sha, cikin makonni ƙwayar za ta dawo, tana iya ma daina jin maganin. Ke nan ranar Talata yaron nan ba haɗari ba ne ga kowa. Ku kuke ƙoƙarin mayar da shi haɗari.

Wannan wasan ba yau aka fara shi ba. A Egbeda, nan kusa da Iyana Ipaja, a watan Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal, suka jera su gaban kyamara. Su sun ce bikin ranar haihuwa suka je. Aka gurfanar da 47, a Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar don masu gabatar da ita ba su yi da gaske ba. Shari'a ta mutu, amma hotunan suna nan a intanet har yau. Tun da Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, wani bincike a Abuja ya nuna cewa a cikin maza masu neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. A ƙasa baki ɗaya, binciken 2018 ya ce kusan kashi 1.4 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar. A cikin waɗannan mazan, binciken 2020 ya samu ɗaya cikin huɗu. Shekara da shekaru ana tonon silili, ku nuna min inda adadin ya sauka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya kamu. Ku kuna zaton yawon otal ne. Mutum ɗaya ne, shekara biyu suna tare. Ya ce min ba su taɓa zuwa gwaji ba, don duk wanda ya fara kawo maganar kamar ya zargi ɗayan ne. Ranar da ya zo da kwaroron roba sai aka ce masa, "Au, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Ya mayar aljihu. Saurayi da budurwa in suka samu matsala akwai yaya, akwai gwaggo, akwai aboki. Su waɗannan ba su da wanda za su tambaya ko da sunan magani ne, sai junansu, kuma junan ma ba su iya maganar ba.

Don haka bari in juya ga waɗanda suke karanta wannan shiru, ba za su danna komai ba don kada a gane su. Na san kuna cikin guruf ɗin nan.

Malam, yarda ba gwaji ba ce. Mutum zai iya son ka tsakani da Allah yana ɗauke da cutar shekara biyar bai sani ba. Ka fara da kanka: "Ni zan yi gwaji, zo mu yi tare." Wannan ba zargi a ciki. Akwai abin gwajin da ake goga wa a dasashi, ana sayar da shi a kemis, minti 20 ka ga sakamako a ɗakinka. In ya nuna akwai, sai an tabbatar a asibiti. In ya nuna babu, ka sake bayan wata uku, don sabon kamu ba ya fitowa nan take. Ku kuma yi maganar da ta fi wuya: akwai wani ban da ni? In aka samu kuskure, za ka faɗa min kafin mu sake haɗuwa? Wanda zai yi maka barazanar tona asiri don ka tambayi wannan, ka san da wa kake zaune.

Akwai PrEP, ƙwayar da mara cutar ke sha don kariya, kodayake samunta ya yi wuya tun da Amurka ta rage tallafi a farkon 2025, sai ka tambaya. Akwai PEP, in abu ya riga ya faru: a fara cikin awa 72, a sha kwana 28, kuma gara yau da gobe. Kwaroron roba ba ya shiri da basilin ko man shafawa, suna cinye robar ta fashe. Mai santsi na ruwa ake sa masa.

Ku kuma masu cewa "su ƙarata can", ina ne can ɗin? Wancan saurayin iyayensa sun sa masa ranar aure bayan salla. Ƙanwar wani ce za a kai masa. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure, madalla, amma gwajin rana ɗaya ba ya riƙe aure na shekara talatin. Abin da zai kare yarinyar nan shi ne mijin ya san matsayinsa, ya sha magani ba fashi. Yanzu da ya ga abin da kuka yi wa abokinsa, kuna ganin zai taka ƙofar asibiti? Tun Laraba wayarsa a kashe take.

Kai da ka ɗauki hoton, na san ka, tare muke sahu ɗaya ranar Juma'a. Ba zan kama sunanka ba, ka ga yadda ake yi ke nan. Ka sani tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana tsangwamar masu HIV da fallasa matsayinsu, amma ba kotu nake nema da kai ba. Robar nake so. Ka sa ta a baƙar leda ka ba ni bayan la'asar, ba sai mun yi magana ba. Litinin da safe zan raka shi asibiti, in layi ne mu bi tare, duk wanda ya gan mu ya ce ni ne mara lafiyar.