RA'AYINMU: Ƙararrawar da ta saba ƙarya, wa zai tashi dominta?

Batun da muka ɗauko a wannan fitowa shi ne na ƙararrawar gobara, wato 'yar na'urar nan mai kamar faifai da ake mannawa a rufin ɗaki, wadda ke tsala ihu idan ta sansano hayaki. Da can sai a manyan otel da bankuna ake ganinta. Yanzu ta iso har mangazar da muke ajiye dusa da angurya da harawa, da masaukin fatake a bakin kasuwa, domin masu ba da taimakon gini sukan haɗa da ita.

A rangadin da muka yi na duba mangazojin ƙungiya bayan damina, abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. A wani wuri an zare batir an sa a rediyo. A wani wurin mun tarar an ɗaure bakin na'urar da leda. Da muka tambayi mai gadi, dattijo ne mai gaskiya, sai ya ce ta hana shi barci, dare ɗaya sai ta yi kuka sau uku, ya zagaya da tocila bai ga ko tartsatsi ba. Ba mu ga laifinsa ba. Kowane makiyayi ya san karen da ke haushi a kan kowace ciyawa ta motsa: bayan sati guda ba mai ɗaga kai dominsa, har ranar da kura za ta zo da gaske. Amma a cikin wannan mangaza akwai abincin da garkuna za su ci daga bazara har saukar ruwa, kuma yaran da ke rako shanu a jikinta suke kwana ranar jajibirin kasuwa.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke fama. A Ingila, wajen kashi 40 cikin 100 na fitar da 'yan kwana-kwana ke yi, idan sun isa ba su tarar da wuta. Abin ya ishe su. Tun ranar 1 ga Yuli 2023 'yan kwana-kwanan Sikotlan suka daina fita saboda kukan na'ura kaɗai a kantuna da ofisoshi da masana'antu, sai wani ya tabbatar da ganin wuta ko hayaki. Wuraren da mutane ke kwana, irin su asibiti da otel, su ne aka ware. Birnin Landan ya bi sahu a ƙarshen Oktoba 2024, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 8 da rabi na dare. To idan masu motoci barkatai sun gaji da gudun banza, ina ga garin da motar kashe gobara ɗaya ce, ko kuma sai ta taso daga babban gari mai nisan tafiyar awa biyu?

Ya kamata mu san yadda abin yake aiki, domin a nan maganin yake. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana, a cikinsu akwai wani ɗan ɗaki mai duhu, da ɗan haske da ke ratsa shi, da wani ido a gefe. Idan hayaki ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi kuka. Ita ba ta san hayaki ba, ba ta san wuta ba. Duk abin da ya watsa hasken nan, wuta ne a wurinta. Ƙurar hunturu tana yi. Garin dusa da ke tashi idan ana sauke buhuna yana yi. Tururin tukunya, hayakin gawayin shayi, maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, taba, duk suna yi. Gizo-gizo yakan shiga ya yi saƙa, ƙananan ƙwari sukan bi haske su faɗa ciki, zanzaro kuma ba ya ganin rami ya ƙyale. Wanda ya ɗauki irin wannan na'ura ya manna ta a mangazar dusa mai tagogi buɗe, ya sayi kukan banza da kuɗinsa.

Akwai wata iri da ba ruwanta da hayaki, zafi take ji. Ita ce ta dace da wurin ƙura da wurin girki. Amma ita ma sai an yi hattara. Wadda aka fi sayarwa an yi ta ne ta yi kuka idan zafi ya kai wajen digiri 58, domin a ƙasashen sanyi ɗaki ba ya kaiwa can sai da wuta. A nan kuwa, a watan Afrilu da Mayu, inuwa kanta tana haura digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa hawa ƙarƙashin rufin kwano da azahar ya san abin da ke can sama. Masu ƙera su suna yin waɗanda ba su kuka sai zafi ya kai digiri 70 ko fiye, saboda irin waɗannan wurare. Wannan ita ce tambayar da za a yi wa ɗan kwangila tun kafin ya hau tsani: wace iri ce, kuma a digiri nawa take kuka? Idan ya kasa amsawa, a dakatar da shi.

Sai dai a lura, mai jin zafi tana da nawa. Kafin ta yi kuka, hayaki ya riga ya cika ɗaki, kuma hayaki ne ya fi kashe mai barci, ba harshen wuta ba. Saboda haka a ɗakin da mutane ke kwana, mai sansano hayaki za a sa, a kuma fitar da murhun shayi waje. Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba a lokacin ɗari. Haka nan za a yi haƙuri.

Yanzu ga babbar magana. Ƙararrawa ba ta kashe wuta, kira kawai take yi. Wa take kira? A Turai ana haɗa ta da waya zuwa wani ofishi da ma'aikata ke zaune dare da rana; idan ta yi kuka, sukan fara bugo wa masu ginin su ji ko da gaske ne, sannan su tura 'yan kwana-kwana. A wasu gine-ginen ma akan ba ma'aikaci 'yan mintoci ya je ya duba kafin jiniya ta tashi kowa. Mu a kasuwannin ƙauye ba mu da irin wannan ofishi, kuma ba ma tsammaninsa gobe. Ofishinmu shi ne mai gadi da salularsa. Akwai na'urorin da ake sa wa layin salula, su aika saƙo ga mutum uku ko huɗu lokaci ɗaya, kuma inda akwai hali muna goyon bayan a saye su. Amma ko da su ko babu su, dole a san sunan wanda zai tashi. Idan aka ce kowa ne, to ba kowa ke nan.

Abin da muke nema ga kowane reshe mai mangaza ko masauki ba shi da tsada. A naɗa mutum biyu, mai gadi da wani ɗan kwamiti da ke kwana kusa. Duk lokacin da ta yi kuka a je a duba, ko da sau goma ne, a shiga ciki, a sansana, a taɓa buhuna. Idan an ga hayaki a kira 18 a Nijar, 118 a Kamaru, 192 a Ghana, a kuma tashi maƙwabta, kada a tsaya jiran mota. Idan ba a ga kome ba, a rubuta a littafi: rana, lokaci, da abin da ake yi a wurin sa'ad da ta yi kukan. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wannan littafi shi ne zai tona asirin ƙaryar. Idan kullum ranar sauke kaya take yi, ƙura ce. Idan da azahar ne, rufi ne. Idan da asuba ne, a nemi mai shayi. Daga nan sai a matsar da ita ko a canza iri, maimakon a toshe mata baki.

Sauran kula kaɗan ne. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a sati, ranar kasuwa ta fi sauƙin tunawa. A kakkaɓe ƙura da saƙar gizo a jikinta, musamman da hunturu. Idan aka ji tana ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi kamar ɗan tsako, ba wuta ba ce, batir ne ya yi sanyi, a canza shi a ranar. Kuɗin batir kuma a fitar da shi daga asusun mangaza, kada a bar wa mai gadi. Idan ta shekara 10, ta tsufa, a sake wata.

Akwai wutar da ƙararrawa ba ta saurin ji, kuma tamu ce ta masu ajiye ciyawa. Harawa ko ciyawar da aka tara da sauran danshi tana yin zafi da kanta a tsakiyar tari, kwana da kwanaki, har ta kama ba tare da an kusance ta da ashana ba. Idan aka ji wari kamar na taba ko na sukari da ya ƙone, a soka dogon ƙarfe cikin tarin a bar shi ɗan lokaci. Idan an zaro hannu ya kasa riƙe shi, akwai hatsari. Kada a yi garajen buɗe tarin sai an tanadi ruwa da mutane, domin da iska ta shiga zai tashi.

Ba mu ce na'ura za ta raba mu da gobara ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, aka yi shekaru kafin a sake gina ta. A Afrilu 2021 yara wajen 20 suka rasu a azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamba na wannan shekarar kuma wasu fiye da 20 a Maraɗi, Allah ya jiƙansu. Zana da kara idan sun kama ba su ba da lokacin da ƙararrawa za ta yi amfani. Maganin wannan gini ne na ƙwarai da ƙofar fita. Amma a mangaza mai bango da ƙofar ƙarfe, inda wuta kan daɗe tana ci a ɓoye cikin buhuna, mintoci goma na farko su ne bambancin asarar buhu biyar da asarar abincin shekara.

Saboda haka muna kira ga masu ba da taimakon gini da su daina miƙa mana makulli da na'urar da ba wanda aka koya wa. A koya wa mai gadi da Hausa ko da Fulatanci, a gabansa a gwada ta, a bar masa takarda mai hoto. Shugabannin rassa kuma, kafin iskar hunturu ta kankama, kowa ya hau ya duba tasa, ya kwance ledar in akwai, ya mayar da batir, ya sayi littafi. A taro mai zuwa za mu nemi a zo da littattafan, mu karanta su tare.