GeoDNS: Taswira Ba Ta San Hanyar da Data Ke Bi Ba

Manyan shafukan intanet ba sa zama a wuri ɗaya. Shafi guda zai iya samun kwafi a Landan, wani a Amurka, wani a Afirka ta Kudu, kuma duk lokacin da ka buɗe shi a wayarka, akwai abin da ke zaɓar maka wanda za ka je tun kafin hoto ko rubutu ya fito. Ɗaya daga cikin hanyoyin yin wannan zaɓi shi ne GeoDNS. Dabara ce mai kyau, amma ina ganin da yawa daga cikin masu saita ta taswira kawai suke kallo, kuma mu da ke wannan yanki mu ne muke biyan kuɗin wannan kasala da lokacinmu da datarmu.

Yadda abin yake aiki

Wayarka ba ta san sunan shafi ba, lamba ta sani, wato adireshin IP. Tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba shi ake kira DNS, kuma Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. Idan ka rubuta sunan shafi, wayarka tana miƙa tambayar ga wata kwamfuta da za mu kira ɗan aike, wadda galibi ta kamfanin layinka ce. Ɗan aiken sai ya je wurin kwamfutar da ke riƙe da rajistar sunan, mu kira ta magatakarda, ya karɓo lambar ya kawo maka.

A tsarin asali, kowa amsa ɗaya yake samu. A GeoDNS kuwa, magatakarda yana duba inda tambayar ta fito, sai ya ba mutumin Jamus lambar sabar da ke Turai, ya ba na Kanada ta Amurka. Route 53 na kamfanin Amazon, alal misali, yana ba mai shafi damar raba baƙinsa bisa nahiya, ko ƙasa, ko jiha a cikin Amurka.

Amfanin hakan a fili yake. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200 a kowane milisakan a cikin wayar faiba. Daga Legas zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba ko da hanyar miƙaƙƙiya ce. Zuwa Kalifoniya ya haura kilomita 12,000, wato sama da milisakan 120. Kuma shafi mai tsaro yakan buƙaci a je a dawo kamar sau uku kafin harafin farko ya iso. Duk gudun sabis ɗinka, nisa yana da haraji.

Matsala ta farko: Afirka ba unguwa ɗaya ba ce

Ga yadda kuskuren yake faruwa. Mai haɗa shafi yana da saba a Turai. Sai ya ji cewa Amazon ya buɗe cibiya a Cape Town tun 2020, ya ɗora kwafi a can, ya shiga saiti ya zaɓi nahiyar Afirka gaba ɗaya ya ce a tura ta Cape Town. A ransa ya kyauta wa 'yan Afirka.

To amma mu duba. Daga Legas zuwa Cape Town kusan kilomita 4,800 ne, wato kusan daidai da zuwa Landan. Mutumin Maroko kuwa, wanda mashigin ruwa mai faɗin kilomita 14 ne kawai ya raba ƙasarsa da Sifaniya, an ɗauke shi an jefa shi ƙarshen nahiya.

Kuma wannan lissafin tsuntsu ne, alhali data ba ta tashi sama, waya take bi. Wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1, waɗanda suka fara aiki a 2010, Turai suka fuskanta: ɗaya zuwa Fotugal, ɗaya zuwa Ingila. Akwai waɗanda suka bi gaɓar teku har Afirka ta Kudu, kamar SAT-3 da WACS da Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022, amma wanzuwar waya daban, kamfanin layinka ya sayi hanya a kanta daban. A wasu layukan, saƙon da ya nufi kudu sai ya fara haurawa Turai kafin ya juyo. Matashin da ke Kano sai datarsa ta gangara Legas, ta haura Landan, ta wuce sabar da ke can wadda za ta iya amsa masa nan take, sannan ta kama hanyar Cape Town. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Matsala ta biyu: magatakarda ba kai yake gani ba

Wanda ya tsaya gaban magatakarda shi ne ɗan aike, don haka adireshinsa ake dubawa. Muddin ɗan aiken na kamfanin layinka ne, yana cikin ƙasarka, hasashen yakan yi daidai. Amma tun daga Android 9 da ya fito a 2018, kowa na iya shiga saitin Private DNS ya canza ɗan aikensa, kuma bidiyoyin "sirrin ƙara gudun waya" sun sa mutane da yawa sun canza ba tare da sanin abin da suka taɓa ba.

Don magance wannan an fito da wani ƙari a tsarin DNS mai suna ECS, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2016. Da shi ɗan aike yake gaya wa magatakarda wani ɓangare na adireshinka, galibi kashi uku na farko cikin huɗu, yadda za a gane yankinka ba tare da an gane wayarka ba. Ɗan aiken Google, wato 8.8.8.8, yana tura wannan bayani. Na Cloudflare, wato 1.1.1.1, ba ya turawa, kuma kamfanin ya ce don kare sirrin masu amfani ne. Quad9 ya raba biyu: 9.9.9.9 ba ya turawa, 9.9.9.11 yana turawa. Saɓanin ya taɓa kaiwa ga shafin archive.today ya daina buɗewa ga masu amfani da 1.1.1.1, saboda masu shafin sun ƙi ba da amsa daidai ga ɗan aiken da ba ya faɗin yankin mai tambaya.

Ba ina cewa 1.1.1.1 ba shi da kyau ba ne. Cloudflare yana da cibiya a Legas, kuma idan layinka ya haɗu da ita kai tsaye, tambayarka daga Najeriya za ta fito. Idan bai haɗu ba, ɗan aikenka zai iya zama a Turai, magatakarda ya ɗauke ka Bature. Shi kuma VPN ya fi wannan, domin shi gaba ɗaya yake kwashe ka. Mutane da yawa sun sauke shi lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu har yau a kunne suke barinsa, suna mamakin yadda komai yake jan ƙafa.

Matsala ta uku: adireshi ba ya ɗauke da sunan gari

Babu inda aka rubuta Kano ko Maraɗi a cikin adireshin IP. Kamfanoni irin su MaxMind ne suke tattara bayanai su yi hasashen inda kowane rukunin adireshi yake. Ana sayar da adireshi, ana ba da hayarsa, yana ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa kafin rajista ta cim masa. Ga kuma kamfanonin layi da ke tara mutane masu yawa a bayan adireshi ɗaya, shi ya sa kana zaune a Sakkwato wani shafi zai ce maka kana Legas. A matakin ƙasa hasashen yakan dace, a matakin gari kuwa kada ka dogara da shi.

Wannan ne ya sa nake adawa da amfani da wuri wajen zaɓar wa mutum harshe. Bahaushen Damagaram ba lallai ne yana son Faransanci ba, na Zangon Kumasi ba lallai Turanci ba, na Sudan ba lallai Larabci ba. Burauza tana faɗa wa shafi harshen da mai waya ya zaɓa. A bi wannan, a kuma bar masa maɓallin canzawa.

Abin da masu kare taswira za su ce

Za su ce raba mutane bisa nahiya ya fi sauƙi, kuma ƙaramin mai shafi ba shi da lokacin aune-aune. Gaskiya ne ya fi sauƙi. Amma wanda saba ɗaya gare shi ba ya buƙatar GeoDNS tun farko. Ya ɗora shafinsa a bayan kamfanin rarraba kaya irin Cloudflare, inda adireshi ɗaya yake amsawa daga cibiyoyi da yawa kuma hanyar intanet ce da kanta take kai mutum mafi kusa. Wanda kuwa ya iya biyan kuɗin saba biyu ko uku, ba awon yini ɗaya ne zai gagare shi ba.

Za su kuma ce akwai lokacin da doka ko lasisi ke tilasta raba mutane bisa ƙasa, kamar haƙƙin nuna fim ko wasan ƙwallo. Na yarda, a nan ƙasa ce ma'auni. Sai dai a sani cewa GeoDNS alamar hanya ce kawai. Duk wanda ya canza ɗan aike ko ya san lambar sabar zai wuce, wanda aka yi wa kuskuren hasashe kuma shi za a tare ba laifin komai.

Ga masu haɗa shafi

Ku auna kafin ku saita. Ku gwada kowace saba daga layin MTN da Airtel da Glo, daga Arewa da Kudu, da rana da kuma dare. RIPE Atlas ma yana ba da damar awo daga na'urorin da ke ƙasashe daban-daban. Idan manufarku gudu ce, ku zaɓi tsarin da ke rabawa bisa jinkirin hanya, wanda Route 53 yana da shi daban da na wuri. Idan dole sai na wuri, ku rubuta wa Najeriya da Nijar da Gana dokarsu ɗaya bayan ɗaya, domin dokar ƙasa tana rinjayar ta nahiya.

Kada ku manta da amsar ko-ta-kwana. A Route 53, idan ba a gane wurin mai tambaya ba kuma ba ku ajiye amsar kowa-da-kowa ba, ba a ba shi komai, shafin ya ƙi buɗewa. Sannan ku gajarta wa'adin da ɗan aike zai riƙe amsa, kamar daƙiƙa 60 zuwa 300, ku haɗa da mai duba lafiyar saba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a lokaci guda, intanet ta rikice a Afirka ta Yamma. A irin wannan rana hanyar da ta fi sauri jiya za ta iya zama matacciya, kuma wanda ya sa wa'adin awa 24 sai ya jira kafin gyaransa ya isa ga kowa.

Ga mai waya a hannu

Canza DNS ba ya ƙara maka faɗin hanya ko rage cin data. Abin da yake canzawa shi ne wanda ke yi maka tambaya, da wanda ke ganin sunayen shafukan da kake nema, da kuma wani lokaci sabar da za a tura ka. Idan wani shafi ko manhaja na jan ƙafa, kashe VPN tukuna, mayar da Private DNS kan Automatic, ka sake gwadawa. Ka kwatanta da dns.google da one.one.one.one a kan layinka, a garinku, ka tsaya a kan wanda ya fi maka. Saitin da ya yi wa wani ɗan Indiya aiki a bidiyo an gwada shi ne a kan wayoyin ƙasarsu.

Idan kuma shafin makaranta ko shagon da kake mu'amala da shi ne kullum yake wahalar buɗewa a layi ɗaya amma yana tashi a wani, ka sanar da masu shi, ka faɗa musu layin da garin. Sau da yawa ba su sani ba, domin daga ofishinsu komai lafiya yake buɗewa.