A Gwada Tukuna Kafin a Canja

Kowane akawu ya sani, in tebur ya cika, takardun da ba a bukatarsu yanzu sito ake kai su. Haka kwamfuta take yi: in ƙwaƙwalwarta ta cika, sai ta kwashe waɗansu shafuna zuwa faifai. Injin Atlas na Jami'ar Mancesta ya fara wannan dabara, a 1962.

A tsarin Linux, awon wannan kwasa, watau swappiness, an ajiye shi a 60. Waɗansu sukan mai da shi sifiri, wai don sauri. A ganinmu kuskure ne, gama in wuri ya ƙure, tsarin yana iya kashe wani aiki, watakila na lissafin albashi. A gwada, a rubuta sakamako, sa'an nan a canja. Sannu ba ta hana zuwa.