NAZARI: Tsakanin Hadari da Haɗari: Me Ya Sa Kanawa Ba Su Gaskata Hasashen Yanayi?

Ranar Juma'a 21 ga Nuwamba, 2025, wani jirgin yaƙin Indiya samfurin Tejas ya rikito ƙasa ya kama da wuta a gaban 'yan kallo, a ranar ƙarshe ta bikin baje kolin jiragen sama na Dubai. Matuƙin jirgin ya rasu. Cikin 'yan sa'o'i bidiyon ya karaɗe Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, kuma tun hayaƙi bai lafa ba aka fara yanke hukunci. Wasu suka ɗora laifin a kan ƙirar jirgin, wasu suka ce gangancin matuƙi ne, wasu suka hango hannun maƙiya, masu yawa kuma suka rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. Rundunar sojin saman Indiya ta kafa kwamitin bincike, amma kafin ya zauna kowa ya riga ya riƙe tasa amsar.

Lamarin ya faɗo a watan da Kano ta cika shekara 100 da saukar jirgin sama na farko a Najeriya, wato jiragen sojin Birtaniya uku da suka dira birnin a farkon Nuwamban 1925. Ya kuma faɗo a bakin hunturu, lokacin da hazo ke fara hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano. Bidiyon Dubai ya nuna sararin samaniya garau, don haka ba yanayi ake tuhuma a can ba. Sai dai yadda aka karɓi labarin ya fito da wata tsohuwar matsala: jama'a ba su saba jiran bayanin hukuma a kan abin da ke faruwa a sama ba, ko jirgi ne ko hadari, domin bayanin bai cika iso musu a kan kari ba, ko cikin harshen da suke ji.

Wanda yanayi ya fi shafa

A Na'ibawa, zancen yanayi zance ne na jari. Ɗan kasuwar 'Yan Lemo da ya sauke mota guda ta lemo ko ayaba yana lissafin kwana nawa kayansa za su jure zafin bazara kafin su fara ruɓewa. Mai katako yana duban gabas, don ruwan dare ɗaya kan jiƙa abin da ya yi makonni yana bushewa. Direban da zai ɗauki hanyar Zariya da asuba cikin hazo yana tuƙi ne alhali ba ya hangen tirelar da ta lalace a gabansa. Leburan da ke hawa A Daidaita Sahu zuwa masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, wanda ake biya gwargwadon ranar da ya yi aiki, in ruwa ya cika titi ya makara, abincin gidansa ne ya ragu.

Duk waɗannan mutane suna yin hasashe kullum. Suna duban launin hadari, da inda iska ta juya, da irin gumin da aka kwana da shi. Kaɗan ne daga cikinsu ke neman abin da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta ce. Matasa masu manyan wayoyi kuwa sun mai da manhajar yanayi abin barkwanci: ta nuna ruwa a kwana ana fifita, ta nuna rana a wayi gari kwata ta shigo ɗaki.

Inda hasashe ke cin tuwo, da inda yake shan ƙasa

Wannan ƙorafi yana da tushe a kimiyyance. Galibin ruwan da ke sauka a Kano da sauran yankin Sahel yana zuwa ne daga manyan gungun hadari da ke haɗuwa cikin 'yan sa'o'i, su taso daga gabas su nufi yamma, iska da ƙura na gabansu. Manomi ya san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa hadarin gabas ne ke sa a kwashe shanya. Irin wannan hadari yana iya kwarara ruwa a Kumbotso ya bar Bompai a bushe. Manhajojin waya kuwa sun dogara ne da manyan kwamfutocin Turai da Amurka, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomitoci, su ƙiyasta abin da zai faru a cikinsa.

A 2018 wasu masu bincike na Cibiyar Fasaha ta Karlsruhe da ke Jamus sun auna hasashen ruwan sama na irin waɗannan kwamfutoci a arewacin Afirka mai zafi, har da Sahel. Sun gano cewa da ƙyar yake zarce abin da mutum zai faɗa in ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin ma'auni. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha nanata cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin adadin da ta shata ba. Kwamfutar da ba a ba ta cikakken bayanin yau ba, ba za ta faɗi gobe daidai ba.

Amma ba kowane hasashe ne ke da wannan rauni ba. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40 a Kano, ana hango shi kwanaki kafin ya zo. Hazo ma haka. Mafi yawan ƙurar hunturu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, kuma tana ɗaukar kamar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe Kano. Tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, don haka gargaɗin hazo da NiMet ke fitarwa ya fi hasashen ruwan jibi tabbas nesa ba kusa ba. Shi kansa hadarin damina, da zarar ya haɗu, ana iya bin sawunsa ta hotunan tauraro a faɗi inda zai kai nan da sa'o'i biyu ko uku.

Abin da ba a yi wa jama'a bayaninsa ba ke nan. An bar su suna auna hasashe iri uku da mudu ɗaya, kuma tun da wanda ya fi saɓawa shi ne wanda suka fi gwadawa, sai suka yi watsi da duka.

Abin da Kano ta riga ta biya

Birnin ya san farashin yanayi a harkar jirage fiye da kowane gari a Najeriya. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi haɗari wajen sauka. Mutum 176 suka rasu.

Ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC One-Eleven ya tashi zuwa Legas ya faɗa cikin unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, ciki har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku da mazauna unguwar da ke cikin gidajensu. A ranar babu hadari, babu hazo. Abin da ke akwai shi ne zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ba ya ba da cikakken ƙarfi, don haka jirgi yana buƙatar titi mai tsawo ko kaya marasa nauyi. Bincike ya nuna jirgin ya cinye titinsa ya zarce cikin ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura, ya ɗaga da ƙyar sannan ya kāsa yin sama. Martanin gwamnati a lokacin shi ne dakatar da wannan samfuri da hana amfani da jiragen da suka haura shekara 22. Abin da ya zauna a bakin mutane shi ne tsohon jirgi ne ya faɗo. Darasin zafi da lissafin nauyi da tsawon titi bai shiga hirar gari ba.

Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, bayan ya shiga wata iska mai juyawa farat ɗaya a lokacin hadari. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Irin wannan iska ita ce wadda ɗan Na'ibawa ke gani tana kwashe rumfa kafin ruwa ya sauko.

Najeriya ta kuma ɗanɗana nata haɗarin wasan jirage. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙi biyu samfurin F-7Ni na sojin sama suka yi karo a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, suka faɗo a yankin Katampe. Matuƙi Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu.

Bayan ta'aziyya

Yarda da ƙaddara da yi wa mamaci addu'a ba su hana tambaya ba, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Matsalar ita ce sau da yawa ana amfani da kalmar ƙaddara a rufe fayil, kuma wanda ya kamata ya ba da amsa shi ne ke fara furta ta.

A wasu wurare haɗarin wasan jirage ya sauya doka. Bayan na Ramstein a Jamus a 1988, inda mutum 70 suka mutu, an ƙara tazarar da ke tsakanin jirage da 'yan kallo, an kuma hana jujjuyawar da ke fuskantar taro. Bayan na Shoreham a Ingila a 2015, inda jirgi ya faɗa kan babban titi ya kashe mutum 11, an taƙaita wasan tsofaffin jiragen yaƙi a kan tudu, kuma an wallafa cikakken rahoto a 2017 wanda kowa zai iya karantawa.

Ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta tanadi rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin shekara guda in ya yiwu. A Najeriya wannan aiki yana hannun hukumar bincike ta NSIB, wadda ta gaji AIB. Amma ƙa'idar ta shafi jiragen farar hula ne. Haɗarin jirgin soja rundunar ce ke binciken kanta. Rahotannin da ake fitarwa kuma da Turancin injiniyoyi ake rubuta su. Mazaunin Gwammaja ko Kurna ko Fagge, wanda jirgi ke ratsa saman rufinsa kullum, ba shi da hanyar sanin me aka gano, balle ya bi diddigin ko an gyara. Inda bayani ya makara, jita-jita ce ke shimfiɗa tabarma.

Hukumar wa?

Akwai kuma batun wa NiMet take yi wa aiki. Dokar 2003 ce ta kafa ta, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, kuma wani kaso na kuɗin shigarta daga harkar jirage yake fitowa. Matuƙi yana samun rahoton yanayi na filin da zai tashi da wanda zai sauka, ana sabunta masa akai-akai. A Afrilun 2025, da ma'aikatan hukumar suka shiga yajin aiki, kamfanin Air Peace ya dakatar da dukkan jiragensa, kuma cikin 'yan kwanaki Minista Festus Keyamo ya zauna da ƙungiyoyin aka janye yajin. Ba a ji irin wannan gaggawa saboda manomi ko ɗan kasuwa ya rasa hasashe ba, domin da ma bai saba samu ba.

Ba za a ce hukumar ba ta yin komai ba. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina mai nuna lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da fari na tsakiyar damina, har zuwa matakin ƙaramar hukuma, kuma tana fassara shi zuwa Hausa. Tana da makarantar horar da masana yanayi a Katsina. Amma littafin da aka ƙaddamar a ɗakin taro a Abuja tafiyarsa doguwa ce kafin ya kai kunnen wanda zai yanke shawarar yin shuka a Bunkure ko ɗaukar hanya daga tashar Na'ibawa.

Abin da ya kamata matasa su nema

Na farko, a riƙa auna hasashe a bainar jama'a. A ƙarshen kowace damina NiMet ta wallafa abin da ta ce zai faru a ƙananan hukumomi 44 na Kano kusa da abin da ya faru, cikin Hausa mai sauƙi. Wanda ya amsa kuskurensa shi ake yarda da shi ranar da ya yi gargaɗi.

Na biyu, a koya wa masu sauraro ma'anar ƙiyasi. In an ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ne, rashin saukarsa bai mai da maganar ƙarya ba. Gidajen rediyon Kano, waɗanda ke da sa'o'i na shirye-shiryen siyasa kowane dare, ba za su rasa minti biyu na wannan ba.

Na uku, a ba da ƙarfi ga gargaɗin 'yan sa'o'i, wanda kimiyya ta fi iyawa: saƙon murya ga shugabannin kasuwa da na tasha da masu kula da ma'aikata a masana'antu cewa hadari mai iska yana tafe, ko hazo zai rufe hanya gobe da asuba. Gwamnatin jiha tana iya kafa ma'aunan ruwa a makarantu da sakatariyoyi, kuɗinsu bai kai na kilomita guda na kwalta ba.

Na huɗu, 'yan majalisar da ke wakiltar Kano su nemi a riƙa fitar da taƙaitaccen rahoton kowane haɗarin jirgi cikin harsunan ƙasa, har da na soja in ya faru a saman gari, tare da bayanin shawarwarin da aka aiwatar.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da ya kamata kowane mutum a duniya ya kasance yana samun gargaɗin bala'in yanayi kafin ya auku. A Kano, hanyar gane ko an cika wannan alkawari ba ta da wuya: a je tashar Na'ibawa da asubar hunturu a tambayi direba ko wani ya gaya masa tun jiya cewa hazo na zuwa.