KARATUN WAYA: INA RABON ƊAN TALAKA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwar Dandin Mahe, ku saurara. Masu mulki sun ce karatu ya koma cikin waya. A shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka buɗe makarantar intanet mai suna Nigeria Learning Passport, suka ce kyauta ce. To, waya kyauta ce? Caji kyauta ne? A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Mai sayar da albasa da me zai ji, da hatsin gida ko da data?

Mu ba maƙiyan na'ura ba ne. Amma masana ƙwaƙwalwa sun riga sun yi bayani. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace sau ɗaya yawancinsa yana zubewa cikin 'yan kwanaki, sai fa in ana maimaita shi lokaci bayan lokaci. Waɗanda suka biyo bayansa sun tabbatar cewa yaron da ake yi wa tambaya yana lalubo amsa da kansa ya fi mai kallo kawai riƙe karatu, kuma barci yana zaunar da abin da aka koya, yunwa kuwa tana kore hankali. Malaman allo sun san wannan, shi ya sa ake tilawa. Wa zai sa yaro maimaici in babu malami a aji? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga wani zaluncin. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta ɗungurungum. Ɗan mai kuɗi a birnin Sakkwato ya tashi da ita a ɗakinsu, ɗan ƙauye kuwa sau da yawa ranar jarrabawa yake fara taɓa ta. Ashe ana fafe gora ranar tafiya?

Saboda haka muna neman abu uku. A sa kwamfutoci masu aiki da hasken rana a makarantun ƙasar Shagari da Boɗinga, da darussa a cikinsu da Hausa, waɗanda ba su bukatar data. A ɗauki malamai, a koya musu aiki da su, a biya su kan kari. A ciyar da yara a makaranta.

Marigayi Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Abin kunya ne a bar 'ya'yan ƙasarsa a baya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ranar kasuwa, ku tambaye shi waɗannan uku. In ya yi ta kame-kame, kun san amsa.

Allah ya taimaki talaka.