A Tayar da Jif Ko Ɗaya Don Mazan Jiya na Yaƙin Bama

A ranar 6 ga Yunin 2024, da aka cika shekara 80 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa, tsofaffin jif-jif na Yaƙin Duniya na Biyu sun cika ƙauyukan yankin. A cikin masu tuƙa su akwai jikokin sojojin yaƙin, kowa ya rubuta lambar rundunar kakansa a gaban mota. Wasu na ganin wannan wasan masu kuɗi ne kawai. Sun yi kuskure, domin hanya ce mai kyau ta riƙe tarihin gida, kuma jikokin sojojin Afirka ta Yamma suna da haƙƙi a cikinta.

Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera jif kimanin 640,000 tsakanin 1941 da 1945. 'Yar mota ce ba ƙofa, mai silinda huɗu da giya uku, gilashin gabanta yana kwantawa kan bonet, ga shebur da gatari ɗaure a gefen direba. Mai son tayar da ita sai ya wargaje ta har kan shasi, ya kankare tsatsa, ya yi wa ƙasan bodi walda inda ruwa ya cinye. Masu tsantseni ma har kusoshi suke dubawa, saboda Ford ya buga harafin F a kan nasa. Aikin yakan ci shekaru, kuma a cikinsa ne mutum yake komawa ga tsofaffin hotuna da takardar sallama, yana tambayar gwaggo da baffa inda tsoho ya yi yaƙi.

To, ina ruwan Bahaushe? A ƙarshen 1943, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta nufi kwarin Kaladan a ƙasar Bama. Babu hanyar mota, sai duwatsu da dajin gora. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar jif mai tsawon mil 75 ko kusa da haka. Inda jif ta gaza, 'yan dako ne suka ɗauki harsasai da abinci a ka. Tambarin Runduna ta 82, wadda ta biyo baya, masu biyu ne a gicciye bisa gammo, na ta 81 kuwa baƙin gizo. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka ƙwace Myohaung daga Japanawa. Da Hausa akasarin sojojin nan suke magana a bariki, kuma ba a rasa gidajen Kano da Zariya da Bauci da ke ajiye da lambobin yabonsu a ƙasan adaka.

Abin takaici, sunayen barikoki kamar Myohaung a Legas da Chindit a Zariya ne kusan kaɗai suka rage a idon jama'a, yara na wucewa ba su san asalinsu ba.

Gwanintar tayar da irin wannan jif a nan gida ba ita ce matsala ba. Wanda ya ga yadda makanikai da masu walda na Panteka a Kaduna ke raya motar da aka fid da rai da ita ya san za su iya. Kayan gyaran wannan jif har yau ana ƙera su, har da bodi sukutum daga Filifin. Cikas na gaske doka ce: a Nijeriya an hana farar hula yi wa mota fentin koren soja, kuma a halin tsaron da ake ciki hanin yana da hujja. Saboda haka iyalan da suka haɗa kuɗi su bi ta ƙungiyar mazan jiya ta Nigerian Legion, a nemi izinin rundunar soja, motar ta zauna a gidan tarihi kamar Gidan Makama ko Arewa House.

Sharaɗin shi ne kada a kwafi lambobin rundunar Amurka don an gan su a fim. A zana gizo ko masu da gammo, a kafa allo da sunayen mutanen unguwa da suka je Bama, har da 'yan dakon da ba su riƙe bindiga ba. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a tayar da injin, a zagaya da 'yan makaranta, wani daga cikin jikokin ya karanta sunayen.