Sulken Aro da Sulken Gida

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ƙarfi da amfani a cikin baƙin ƙarfe.

Bayan haka, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su bukatar a siffanta musu motar sulke. Ran Jumma'a 20 ga watan Janairu na shekara ta 2012, bayan la'asar, 'yan Boko Haram suka auka wa birnin Kano da bamabamai da bindigogi. A cikin wuraren da suka buga har da ofishin 'yan sanda da ofishin fasfo na Farm Center, a ƙasar Tarauni. Lissafin 'yan sanda ya nuna mutum 185 suka rasu, Allah ya jiƙan Musulmi. Daga nan aka kafa dokar hana fita, aka jera buhunan yashi a kan hanyoyi, aka girke motoci masu sulke a mararraba. Almajiri mai zuwa makaranta da ɗan kasuwa mai zuwa rumfa duk sun wuce ta gabansu. Abin da ya kamata mai hankali ya tambaya shi ne, wane maƙeri ya ƙera su, kuma in sun lalace wa zai gyara?

Wannan tambaya tsohuwa ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda yawan mutanen da ya rasa a wajen yaƙi. Lifidi dai aikin gida ne, auduga ce da ɗinki, madunka na nan a gari. Shekaru ɗari biyar bayan wannan, ran 3 ga Fabrairu 1903, rundunar Turawan Ingilishi wadda ba ta kai mutum dubu ba ta tsaya a bayan ganuwa da igwa da bindiga mai ruwa, ta fasa ta shiga kafin rana ta faɗi. Barade ba su rasa zuciya ba, dawaki ba su rasa lifidi ba. Amma igwa daga masana'anta take fitowa, Kano kuwa a ran nan ba ta da maƙerar da za ta amsa mata.

Shugabannin farko na Nijeriya sun san wannan karatu. Saboda haka a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, majalisa ta kafa ma'aikatar ƙera makamai wadda ake kira DICON. Wani kamfani na Jamus ta Yamma, Fritz Werner, shi ya gina ta a Kakuri cikin Kaduna. Titin Zariya da ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, in mutum ya bi shi ya wuce Zariya, can zai kai shi. Aka fara da bindigogi da harsasai. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 aiki ya yi yawa, dare da rana. Da aka ajiye makamai a 1970 sai ciniki ya faɗi, har ma'aikatar ta koma yin kujeru da kayan ba da ruwa a ƙauyuka domin ta riƙe ma'aikatanta.

Manyan kayan yaƙi kuwa, saye aka ci gaba da yi. Daga 1981 Nijeriya ta shiga sayen tankokin yaƙi daga kamfanin Vickers na Ingila. A Bauci an gina wurin harhaɗa motocin sulke tare da kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya, amma aikin bai ɗore ba. A 2015 aka kawo tankoki samfurin T-72 daga Turai ta Gabas, a 2020 kuma aka kawo VT-4 daga kamfanin Norinco na ƙasar Sin.

To, kowane attajiri ya san illar wannan ciniki. Wanda zai sayi injin niƙa, kafin ya biya sai ya aika Ƙofar Ruwa a ji ko akwai kayan gyaransa, gama inji marar kayan gyara ajiyar tsatsa ne. Tankar yaƙi kuwa nauyinta tan arba'in zuwa hamsin, a kan sarƙa take tafiya, sarƙar tana cinyewa, inji yana gajiya, bakin igwa yana da adadin harbin da zai iya ɗauka. Duk waɗannan a hannun mai sayarwa suke, shi kuma a hannun gwamnatin ƙasarsa yake. A 1967 Ingila da Amurka suka ƙi ba Nijeriya jiragen yaƙi, sai da ta nufi Rasha. A watan Nuwamba 1995 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar mata da makamai, ba a ɗage ba sai 1999. A 2014, Borno na cikin wuta, Amurka ta hana a sayar mata da jirage masu saukar ungulu. Har wa yau mai sayarwa kansa ba ya dawwama: sashen tankoki na Vickers ya sauya hannu sau uku tsakanin 1999 da 2004. Gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Wahalar yaƙin Arewa maso Gabas ita ta sa aka waiwayi gida. A watan Yuli 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe wata motar sulke mai suna Igirigi, aikin injiniyoyin soja. Wani kamfani na 'yan kasuwa, Proforce, a Jihar Ogun, ya fito da tasa mai suna Ara. Sa'an nan a watan Disamba 2019, a Kaduna, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe motar Ezugwu, wadda DICON ta yi tare da injiniyoyin soja, aka sa mata sunan Janar Victor Ezugwu, shugaban ma'aikatar a lokacin. Wannan iri ba tanka ba ce, a kan taya take tafiya. Hikimarta tana ƙarƙashinta: an yi cikinta da tsini kamar ƙasan kwalekwale, domin in ta taka nakiyar da aka binne, ƙarfin fashewar ya rabu dama da hagu, mutanen ciki su tsira. Ga sojan da ke bin hanyoyin Sambisa, wannan dabara rai ce. A watan Nuwamba 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da kamfanonin 'yan kasuwa.

Wannan abin yabo ne, amma kada a yi saurin guɗa. Sulken gida yana da sharuɗɗa uku, in ɗaya ya faɗi sauran ba su tsayuwa.

Na fari ƙarfe. Wanda ya yanka ya ɗinka tela ne, amma in yadi da zare da allura duk na kanti ne, ran da kanti ya rufe shi ma ya tashi. Farantin ƙarfen da harsashi ba ya hudawa, da manyan injuna, daga ƙetare ake sayo su. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka ba Rashawa aikin gininta a 1979, babbar tukunyarta ta narka tama ba a taɓa hura ta ba. Muddin haka ne, rabin sulken na aro ne.

Na biyu ciniki. Kamfanin makamai mai saye ɗaya gare shi, watau gwamnati. In ta yi odar goma bana, baɗi ta manta, ko ta karɓi kaya ta riƙe kuɗi, gwanaye za su watse. A ƙasar Birazil an yi wani kamfani, Engesa, wanda ya sayar da motocin sulke ga Iraƙi da Libiya har sunansa ya cika duniya. Da yaƙin Iran da Iraƙi ya ƙare a 1988, ciniki ya ja baya, bashi bai fito ba, a 1993 ya karye. Abin da ya sami Kakuri bayan 1970 ɗan'uwan wannan ne.

Na uku amana, ita ce mafi nauyi. Cinikin makamai a rufe ake yinsa da sunan asirin ƙasa, inda aka rufe ƙofa kuwa nan ɓera ke sakewa. A watan Satumba 2014 hukumar Afirka ta Kudu ta kama dala miliyan 9.3, kuɗi tsaba, cikin wani jirgi da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne. A 2015 kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya tayar da tuhuma a kan kwangilolin da suka haura dala biliyan biyu, magana ta je gaban alƙali. Malamai sun san hukuncin mai tauye mudu. To, ina ga wanda ya tauye kaurin ƙarfen da ɗan wani zai fake a bayansa? Wannan ya ci dukiyar baitulmali, ya kuma ɗauki alhakin jini.

Masu tafsiri sun san cewa a Suratu Saba'i da Suratul Anbiya'i an ambaci saƙar sulke a matsayin sana'ar da Allah ya sanar da Annabi Dawuda, alaihis salam, tare da umurnin kyautata awo. Ashe ƙira ilmi ce mai daraja, ba abin raini ba. Saboda haka ya kamata malami ya ƙarfafa wa almajirin da ya sauke gwiwa ya koyi walda da aikin inji, attajiri kuma ya dubi masana'anta kamar yadda yake duban kanti. Wakilan da Tarauni ta aika majalisa su riƙa tambaya a kowace shekara: mota nawa aka saya a gida, an biya maƙeranta, kuma wa ya gwada ƙarfenta? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kashe wutar fitina, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, amin.